Wayar Gyaran Haƙori da Faranti Mai Cirewa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da iyaye da matasa da manya suka fi yi a ɗakin likitan haƙori, kafin a sa waya da bayan an sa. Amsoshin na kowa da kowa ne. Inda likitanka ya ba ka umarni na daban, nasa za ka bi, domin shi ya ga bakinka, shi ya ga hoton ƙashinka.

Ta yaya waya ke matsar da haƙori alhali a cikin ƙashi yake?

Haƙori ba a manne yake da ƙashi kai tsaye ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wani siririn tantani na zaruruwa, kaurinsa kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita. Idan aka danna haƙori a hankali ba a saki ba, sai jiki ya riƙa narkar da ƙashin da ke gaban saiwar, yana gina sabo a wurin da ta baro. Haka haƙori ke tafiya, kusan milimita ɗaya a wata. Abin da ke aikin shi ne matsi kaɗan wanda ba ya yankewa. In matsi ya yi yawa, jini ya kasa kaiwa tantanin, tafiyar ta tsaya cak har makonni, saiwar ma tana iya cutuwa. Don haka wanda ke roƙon likita ya ƙara ɗaurewa sosai don a gama da wuri, baya yake neman mayar da aikin.

Me da me ake sawa a bakin, kuma ana huda haƙori?

Ba a huda haƙori, ba a kuma yin allura. Likita zai wanke fuskar haƙori, ya shafa wani shuɗin magani na daƙiƙa 15 zuwa 30 don gam ya samu wurin kamawa, ya ɗauraye, ya busar, sannan ya manna ɗan maɓallin ƙarfe a kan kowane haƙori, ya haska shuɗiyar fitila gam ɗin ya daskare. A tsakiyar kowane maɓalli akwai tsagi, nan waya ke kwanciya, sai a riƙe ta da 'yar ƙaramar roba mai launi. Wasu maɓallan suna da ƙofarsu ta rufewa, ba sa bukatar roba. A turame, wato manyan haƙoran tauna na baya, wani lokaci zobe ake zagayawa. In za a sa zobe, akan cusa ƙananan robobi tsakanin turamen kamar mako guda kafin ranar don a samu sarari. Duka aikin yakan ci awa ɗaya zuwa biyu.

Wayar farko siririya ce mai laushi, ta haɗin nikel da titaniyam. Duk yadda aka lanƙwasa ta don ta shiga karkatattun haƙora, ƙoƙarinta ta koma siffarta ta asali, kuma tana komawa tana jan haƙoran. Daga baya ake sauya ta da mai kauri ta baƙin ƙarfe mara tsatsa, wadda da ita ake rufe giɓi da daidaita saiwoyi.

A wane shekaru ya kamata a kai yaro?

A kai shi a duba yana shekara 7, ko da ba a ga komai ba. Yawanci ba a sa waya a lokacin; an fi sa ta tsakanin shekara 11 zuwa 14, bayan yaro ya gama famfara. Amma akwai abubuwan da ba sa jira: haƙoran ƙasa na gaba su zarce na sama, haƙoran sama su turo waje har leɓe ya kasa rufuwa (irin waɗannan sun fi saurin karyewa in yaro ya faɗi), tsotson yatsa da bai daina ba har manyan haƙora suka fara fitowa, haƙorin yarinta da aka cire tun lokacinsa bai yi ba, da fiƙar sama da ba a jin tudunta a dasashi har shekara 10 ko 11. Fiƙar da ta ɓace hanya a cikin ƙashi tana iya cinye saiwar haƙorin da ke kusa da ita ba tare da ciwo ba.

Babba kuwa ba shi da iyakar shekaru, muddin dasashi da ƙashi lafiyarsu ƙalau. Abin da ba a iya yi wa babba shi ne juya girman muƙamuƙi, domin ya riga ya tsaya.

Dole ne sai an cire haƙora?

A'a. Ana cirewa ne idan cunkoso ya yi yawa, ko ana son mayar da haƙoran gaba baya sosai. Waɗanda aka fi cirewa su ne ƙananan haƙoran tauna da ke bayan fiƙa, kowanne yana ba da sararin kusan milimita 7. In sararin da ake nema kaɗan ne, akan goge gefen wasu haƙora da abin da bai wuce rabin milimita ba, ko a faɗaɗa jerin. Ba a yanke wannan hukunci da ido kawai. Sai an ɗauki hoton ƙashi da awon baki. Kafin a manna komai kuma, sai an cike duk wani kogo, an kankare dattin da ya daskare, an warkar da dasashi mai jini. Waya a kan ruɓaɓɓen haƙori ƙara masa ruɓa take yi.

Akwai ciwo?

Akwai tsami, ba a ɓoye wannan. Yakan fara bayan 'yan awoyi, ya kai ƙololuwarsa a cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ya lafa cikin kwana uku zuwa bakwai. Yana dawowa kaɗan duk lokacin da aka sauya waya. Farasitamol bisa ƙa'idar shekarun mutum ya wadatar. A kwanakin nan a koma kunu, koko, fura, yogot, alale, ƙwai, ayaba, faten dankali da tuwo mai laushi.

Ƙarfen kan goge cikin leɓe da kumatu a makon farko. A tsane maɓallin da auduga ko tishu, a mulmula ɗan kakin da likita ya bayar kamar girman ƙwayar wake, a danna a kai. In wurin bai bushe ba kakin ba zai zauna ba. Idan aka haɗiye kakin, ba komai. Gyambon cikin baki kuma a riƙa kurkure shi da rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi.

Ciwon da ke hana barci, ko haƙori ɗaya da ke bugawa, ko kumburin fuska, ba tsamin waya ba ne. A koma asibiti.

Wane abinci zan bari?

Gam ɗin da ke riƙe maɓalli an yi shi ne yadda za a iya ɓamɓare shi a ƙarshe ba tare da an lalata haƙori ba, saboda haka ƙarfinsa yana da iyaka. Abubuwan da suka fi ɓalle maɓalli a wurinmu su ne goro, aya, rake, ƙuli-ƙuli, goruba, gasasshiyar masara a jikin totuwa, busasshen dabino, soyayyar gyaɗa, kilishi, guringuntsi da gwaguyar ƙashi, da tauna ƙanƙara. Sai masu danƙo: cingam, alewa, tuwon madara. Cizon biro da farce da buɗe kwalba da haƙori duk suna cikin lissafin.

Ba komai ne ake bari gaba ɗaya ba. Tsire da balangu a yayyanka ƙanana a tauna da turame. Karas, tuffa da gwaba a yanka, kada a gatsa da haƙoran gaba. Masara a ɓare ta. Rake a sha matsattsen ruwansa a kurkure baki. Mai cin goro dai gara ya haƙura har a gama, domin bayan ɓalle ƙarfe yana rina gefen gam.

Wanda ya fi ɓarna a ɓoye shi ne zaƙi da tsami: lemon kwalba, zoɓo mai sukari, shayi mai sukari da ake kurɓa ana ajiyewa tsawon yini. Yawan lokutan da sukari ke taɓa haƙori ya fi yawan sukarin illa. In za a sha, a sha tare da abinci a gama.

Yaya ake wanke baki da waya a ciki?

Nan ne ake cin riba, nan ne kuma ake asara. Dattin da ke taruwa kewaye da maɓalli yana fitar da tsamin da ke zuƙe ma'adinin fuskar haƙori. Cikin mako huɗu kacal farin tabo kamar alli yana iya bayyana. Ranar da aka cire waya sai a ga haƙora sun miƙe amma kowanne da zanen murabba'i a inda maɓalli ya zauna, kuma tabon ba kasafai yake gogewa gaba ɗaya ba. Ya fi kama haƙoran sama na gaba, tsakanin maɓalli da dasashi, wurin da kowa ke gani.

A samu buroshi mai laushi mai ƙaramin kai, da man goge baki mai fuloraid ppm 1350 zuwa 1500 (ppm shi ne ma'aunin yawansa), adadin yana rubuce a jikin kwali. A cire robobin ja, wato masu jan haƙora da ake maƙalawa tsakanin sama da ƙasa, in ana sa su. A fara da gindin dasashi, buroshi a karkace yana kallon dasashin, a riƙa ɗan zagayawa. Sai a karkato shi ta saman maɓallai yadda gashinsa zai shiga ƙarƙashin waya, sannan ta ƙasansu. Sai wurin tauna da bayan haƙora. Minti uku ke nan aƙalla. Daga nan a ɗauki ɗan siririn buroshi mai kama da tsinke, a zura shi ƙarƙashin waya tsakanin maɓalli da maɓalli, ɗaya bayan ɗaya. A tofar da kumfar amma kada a kurkure da ruwa, don fuloraid ɗin ya zauna. Sai a duba madubi a wuri mai haske: ƙarfe mai tsabta ƙyalli yake yi, in ya dusashe akwai saura.

Da safe da kafin barci wajibi ne, bayan kowane abinci kuma ya fi. Zaren sakace sau ɗaya a rana, a zura shi ƙarƙashin waya tukuna sannan a sauke tsakanin haƙora. Ruwan kurkure baki mai fuloraid ana amfani da shi sau ɗaya a rana, a wani lokaci daban da na buroshi. Buroshi kan baje da wuri saboda ƙarfe. Da ya baje a sauya.

Idan dasashi yana jini, alamar datti ce, ba alamar a daina gogewa ba. A ci gaba da gogewa a hankali, cikin mako ɗaya zuwa biyu jinin yakan tsaya.

Asuwaki yana da amfani a bayan haƙora da wurin tauna in an tausasa bakinsa sosai, amma ba ya shiga ƙarƙashin waya yadda ake so, kuma taunarsa da haƙoran gaba na ɓalle maɓalli. A tausasa shi da ruwa ko a daddaka, a haɗa shi da buroshi, kada ya maye gurbinsa.

Maɓalli ya ɓalle, ko waya tana sukata. Me zan yi?

Maɓallin da ya saki yakan tsaya yana lilo a jikin waya. A rufe shi da kaki a kira asibiti. Kada a jira ranar da aka sa in ta yi nisa, domin haƙorin nan ya fita daga aiki, zai fara komawa inda ya fito. Kada a taɓa sa gam ɗin kasuwa a baki. Wayar da ta zarce ta baya tana sukar kunci sau da yawa alamar haƙora sun matsa ne. A lanƙwasa bakinta da magogin fensir mai tsabta ko a rufe da kaki har a je a datse. Idan an haɗiye ɗan ƙarfe, yawanci yana fita ta bayan gida. Amma in ana tari ko numfashi na sarƙewa, a garzaya asibiti nan take.

Robobin da aka ce in riƙa sawa da kaina, mene ne amfaninsu?

Waya tana jera haƙoran sama a junansu, na ƙasa a junansu. Robar ja ita ke daidaita yadda sama da ƙasa ke haɗuwa. Ana maƙala ta a ƙugiyoyin da likita ya nuna, ana sauya sabuwa aƙalla kullum domin ƙarfinta na raguwa a baki. Wanda ke sawa da dare kawai alhali an ce dare da rana, abin da ya samu da dare yini ke kwashewa. Ninka roba biyu don rama kwanakin da aka tsallake kuskure ne. A ɗauki hoton yadda aka maƙala ta da wayar salula kafin a bar asibiti, domin maƙalawa a baibai tana jan haƙora inda ba a so.

Na'urorin da ake cirewa fa, iri nawa ne?

Akwai faranti na roba mai tauri da ke kwanciya a ganda, da maƙalai na waya da ke kama turame, wani da ɗan sifirin da ke tura haƙori ɗaya, wani da sukuru a tsakiya don faɗaɗa jeri. Iyakar abin da faranti ke iyawa shi ne karkata haƙori. Ba ya juya shi, ba ya tafiyar da saiwa. Don haka ba ya maye gurbin waya a babban cunkoso.

Akwai tagwayen faranti, na sama da na ƙasa, masu tudu da ke tilasta muƙamuƙin ƙasa ya zauna gaba. Likita William Clark na Sikotland ne ya ƙirƙiro shi a 1977, kuma ana sa wa yara masu tasowa waɗanda haƙoran samansu suka zarce sosai. Yana aiki ne a lokacin da yaro ke tsakiyar girma.

Akwai robobi garai-garai da ake kifawa a kan haƙora, irin su Invisalign, ana sauya sabo duk mako ɗaya ko biyu. Sai ritena, mai riƙe haƙora bayan an gama gyara. Haƙoran roba na cike giɓi su ma ana cirewa, amma ba sa gyara jeri, kuma dokarsu daban: su da dare ake cire su don dasashi ya huta, ritena kuwa da dare aka fi sa ta.

Awa nawa ake sawa, kuma me ya sa magana ke canzawa?

Roba garai-garai awa 20 zuwa 22 a rana. Ana cire ta ne don ci da wanke baki kawai, kuma ruwa zalla ake sha da ita. Shayi mai zafi na lanƙwasa ta, abin zaƙi kuma yana shigewa ƙarƙashinta ya kwanta a kan haƙori. Faranti da tagwayen faranti yawanci dare da rana ne, sai wurin wasanni da iyo da wanke baki.

A kwanakin farko miyau kan yi yawa, harshe kan sarƙe a kan "s" da "ts" da "sh". Maganinsa karatu da ƙarfi minti goma kullum da farantin a baki. Cikin mako guda harshe ya saba. Yaron da ke cirewa a makaranta don kunya ba zai taɓa sabawa ba, kuma likita yana ganewa: in bayan wata guda har yanzu magana na sarƙewa, farantin yana aljihu ne ba a baki ba.

Sukuru ana juya shi da ɗan makulli ta inda kibiya ta nuna, juyi ɗaya har rami na gaba ya bayyana. Kowane juyi kusan rubu'in milimita ne, kuma a faranti mai cirewa sau ɗaya ko biyu a mako ake yi. In an yi gaggawa, faranti zai fi baki faɗi ya ƙi zama. In an daina sawa kwanaki kuma ana ci gaba da juyawa, haka nan. A ware rana guda a mako, a rubuta a kalanda. Wurin cirewa a ja ta maƙalan baya da yatsu biyu, kada a ja wayar gaba, kada kuma a riƙa wasa da shi da harshe, domin haka ke karya maƙalai.

Yaya ake tsabtace su?

Da ruwan sanyi, sabulun ruwa mara ƙamshi, da buroshi na daban, sau biyu a rana, a kan kwano mai ruwa don in ya suɓuce kada ya fashe. Man goge baki yana karce roba, datti ya samu maɓoya. Ruwan zafi yana lanƙwasa ta, haka ma barinta a mota cikin rana ko kusa da murhu. Sau ɗaya ko biyu a mako a jiƙa ta a ruwan ƙwayar wanke haƙoran roba na mintunan da aka rubuta a kwali. In ganda ta yi ja tana zafi a ƙarƙashin faranti, ƙila naman gwari ne ya kama. A nuna wa likita.

Mafi yawan farantan da ke ɓata a cikin tishu ake naɗe su wurin cin abinci a zubar da shara, ko a sa a aljihu a zauna a kai. In ba ya baki, to yana cikin akwatinsa, da lambar waya a rubuce a jiki.

An cire waya. Shi ke nan an gama?

Ba a gama ba. Zaruruwan dasashi da aka miƙar suna ɗaukar watanni, wasu har kusan shekara, kafin su saba da sabon wuri, kuma duk tsawon lokacin jan haƙori suke yi baya. Ban da haka, haƙoran ƙasa na gaba suna ƙara cunkushewa da shekaru a bakin yawancin mutane, ko sun sa waya ko ba su sa ba. Shi ya sa ake ba da ritena. Akwai mai farantin roba da waya a gaba, wadda Charles Hawley ya gabatar a 1919, tana da ƙarko kuma ana iya gyara ta. Akwai garai-garai, ba a ganinta amma tana cinyewa ta tsage. Akwai siririyar waya da ake mannawa a bayan haƙoran gaba, ba a cire ta. Hatsarinta shi ne gefe ɗaya ya saki ba a sani ba, haƙorin ya zame.

Likitoci sun bambanta kan watannin farko, wasu dare da rana, wasu dare kawai. Bayan haka dai da dare ne, muddin ana son haƙora su zauna a miƙe. In ritena ta fara matsewa, haƙora sun soma motsi, a ƙara yawan sawa. In ta ƙi shiga, kada a tilasta ta, a koma asibiti da ita a hannu.

Ina son wushiryata. Za a iya barinta?

Za a iya, in an faɗa tun ranar tsara aiki. Wushirya ba cuta ba ce, kuma mutane da yawa ado suke ɗaukarta. Wanda ke son rufewa ya sani tana cikin abubuwan da suka fi saurin komawa, don haka kusan kullum sai da wayar da ake mannawa ta baya. Giɓin da ya buɗe bayan an girma, ba a da shi da can, shi kam a duba shi, domin yana iya zama alamar ciwon dasashi ya ci ƙashi.

Wayar ado da ake sawa a shago, da ɗaure haƙora da roba a gida fa?

Kada a yi. Duk wayar da aka ɗaura a haƙora tana jan su, ko da sunan ado aka sa ta, kuma ba wanda ke lura da inda take kai su. Ga gam da ƙarfen da ba a san asalinsu ba, ga kayan aikin da ba a dafa ba. Robar da ake zagaya haƙora biyu don rufe wushirya tana silalewa ƙarƙashin dasashi ta bi saiwa tana cin ƙashi, har haƙoran su zube. A Najeriya hukumar kula da aikin likitoci da likitocin haƙori, wato MDCN, ke yi wa likitocin haƙori rajista. A nemi mai rajista wanda ya ƙware a gyaran jeri, a asibitin koyarwa ko asibiti mai zaman kansa.

Azumi da sauran lalurori?

A watan azumi a goge baki sosai bayan sahur da kafin barci, domin bushewar baki da kayan zaƙin buɗa-baki suna haɗuwa su ƙara ruɓa. In da hali a sa ranar sauya waya da yamma, yadda za a iya shan maganin ciwo bayan an sha ruwa. Hukuncin zama da roba ko faranti a baki da rana a tambayi malamai.

Mai ciki dasashinta kan kumbura, sai ta ƙara tsabta, ta kuma sanar kafin a ɗauki hoto. Mai ciwon suga sai sugan ya daidaita. Wanda ɗan kunne ko agogon ƙarfe ke sa wa ƙaiƙayi ya faɗa, saboda nikel. Mai ƙwallo ko dambe ya sa robar kare baki wadda aka yi don masu waya. Kafin a shiga na'urar hoton MRI a gaya musu akwai ƙarfe a baki. Saiwoyi kan ɗan gajarce da milimita ɗaya zuwa biyu a wurin mutane da yawa ba tare da illa ba. Haƙorin da ya taɓa buguwa ya fi shiga hatsari, don haka a ambaci duk tsohuwar faɗuwa.

Tsawon wane lokaci, kuma me zan tambaya kan kuɗi?

Yawanci wata 18 zuwa 24, ana komawa duk mako huɗu zuwa takwas. Abubuwan da ke tsawaita shi sanannu ne: tsallake rana, ɓalle maɓalli, ƙin sa roba, da dattin da ke sa likita ya dakatar da aiki. Ɗalibin da ke makarantar kwana ko wanda zai yi doguwar tafiya ya tsara ranakunsa da likita tun farko. Zama da waya wata shida ba dubawa hatsari ne. Kan kuɗi, a nemi a rubuta ko farashin ya haɗa da hotuna, cire haƙori, mayar da maɓallin da ya ɓalle, da ritena, da kuma nawa ne sabuwa in ta ɓata. In za a sauya gari, a karɓi kwafin hotuna, awon baki na farko, da takardar da ke nuna irin maɓallin da aka sa da girman wayar da ke baki a yanzu.